Gyaran Gida, Ɗan Kwangila, da Kunyar Rubuta Jinga



Duk shekara, da zarar bazara ta kankama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai hankalin magidanta ya koma kan rufi da bango. Wanda kwanonsa ya yi yoyo bara ya tuna, wanda katangarsa ta tsage ya shiga kewaya ta yana dubawa, wanda kuma ɗansa zai yi aure bayan salla ya fara lissafin yadda za a fasa wancan ɗaki a fitar da falo da banɗaki. A wannan lokaci ne kasuwar 'yan kwangila take buɗewa, kuma a cikinsa ne ake ƙulla yawancin rigingimun da za su kai mutane gaban mai unguwa ko alƙali bayan 'yan watanni. Abin da nake son mu tattauna a yau, ya ɗan'uwa mai karatu, shi ne yadda muke ba da aikin gyaran gidajenmu, musamman wata ɗabi'a tamu da nake ganin ita ce uwar matsalar, wato jin nauyin rubuta abin da aka yi jinga a kansa.

Kowa ya san yadda abin yake gudana. Mai gida zai tambayi abokinsa na majalisa ko wani da suke sahu ɗaya a masallaci, a turo masa mutum. Su kewaya gidan tare, mai gida yana nuni da hannu: a sauya wannan kwano, a toshe wannan ƙofa, a buɗe wata a can, a sa tayil, a yi fenti. Idan ya tambayi nawa aikin zai ci, sai ɗan kwangila ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Alhaji, ai ba za mu ɓata ba." Da ƙyar zai ambaci kuɗi a dunƙule, a yi tayi, a rage, a sallama, a ba da kafin alƙalami, a yi musabaha. Shi ke nan, wai an gama magana. Ba wanda ya ce uffan a kan kaurin kwanon da za a sa, ko irin tayil ɗin, ko fenti shafa nawa ne, ko wane ne zai kwashe ɓaraguzai, ko ranar da za a miƙa makulli, balle abin da za a yi idan farashin siminti ya tashi ana tsakiyar aiki. Kowannensu ya koma gida da hoton wani gida daban a cikin kansa. Mai gida yana hango gidan da ya gani a wata sabuwar unguwa, ɗan kwangila kuwa yana hango gidan da kuɗin da aka sallama za su iya yi, bayan ya cire abin kai wa iyalinsa. Tun daga wannan rana rigimar ta samu, jiran lokacin bayyana kawai take yi.

Ban ga laifin iyayenmu ba da suka yi mu'amala da magina ba tare da takarda ba, domin suna da abin da ya tsaya musu a madadinta. Gini a ƙasar Hausa sana'ar gado ce. Magini ɗan unguwa ne, an san ubansa da kakansa, kuma a manyan birane akwai Sarkin Magina wanda ake kai masa ƙara idan aiki ya ɓaci. Sunan gida shi ne jarin mutum. Har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zamanin Sarki Abdulkarimu, saboda aikinsa ya tsaya ya yi masa shaida. Bayan haka kuma kayan aikin duk a fili suke. Mai gida ya san ƙasar gini mai kyau, ya san tubalin da ya bushe da wanda bai bushe ba, yana iya ƙwanƙwasa azara ya gane ta giginya ce ƙosasshiya ko kuwa gara za ta cinye ta cikin shekara biyu. Makuba da katsi a gabansa ake haɗa su. Idan soro ya yi yoyo, maginin yana nan bayan layi, gobe da asuba za a haɗu da shi a masallaci.

Yau duk wannan ya kau, kunyar ce kaɗai ta rage mana. Mutumin da zai yi maka aiki a Hotoro wataƙila daga Rijiyar Zaki yake zuwa, ko ma daga wata jiha, abin da ka sani game da shi bai wuce lambar waya ba, ita ma ana iya kashe ta. Sa'annan ginin zamani gini ne mai ɓoye cikinsa. Rodi yana shigewa cikin kankare, waya tana shigewa cikin bango, bututun ruwa yana kwanciya ƙarƙashin tayil, filasta da fenti su rufe komai ruf. Gidan da aka ha'inta da gidan da aka kyautata, ranar miƙa makulli kamanninsu ɗaya.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin mai karatu ya ga girman abin da ake bari a hannun "ai ba za mu ɓata ba." Buhun siminti kilo 50 ne. A haɗin kankare da aka saba yi wa linta da ginshiƙi na ƙananan gidaje, awo ɗaya na siminti yana tafiya da biyu na yashi da huɗu na tsakuwa, wato a lissafin leburori buhu ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Wanda ya ƙara kwano biyu na yashi a kowane buhu ya rage wa kansa siminti mai yawa a ƙarshen aiki, kuma ido ba zai gane ba. Kankare yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniyoyi suke lissafi da shi. A zafin Kano ko Sakkwato, ko cikin iskar hunturu, idan aka bar shi ya bushe a kwana biyu, ƙarfinsa ya tafi, ko da an zuba masa siminti daidai. Rodi yana da lamba: akwai milimita 10, akwai 12, akwai 16, kuma a kasuwa akwai wanda ake kira 12 alhali idan aka auna bai cika ba. Wayar lantarki ma haka: ta fitila 1.5, ta soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da abin dafa abinci kuwa suna bukatar wadda ta fi haka kauri. Wanda ya ja wa soket wayar fitila, ko ya sa wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ya dasa wa iyalin gidan gobara ce wadda ba a san ranarta ba. Kwanon alminiyam akwai mai kaurin 0.45, akwai 0.55, daga ƙasa duk sheƙi ɗaya suke yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kalma biyu ce a kan takarda. Idan ba a rubuta ba, ba wanda zai iya cewa an saɓa alkawari, tunda ba a yi alkawarin ba tun farko.

Malaman fiƙihu suna da suna ga irin wannan ciniki. Suna kiransa jahilci a cikin ƙulla yarjejeniya, wanda yake ɓangare ne na garari, wato a ƙulla abu alhali ba a san haƙiƙanin abin da za a bayar ko za a karɓa ba. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki da ijara a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san sharaɗi ne a san aikin, a san ladan. Abin mamaki shi ne mutum zai yi taka-tsantsan wajen sayen ragon layya, ya duba haƙori, ya duba ido, ya duba ƙafa, amma ya miƙa miliyoyin naira a kan aikin da ba a fayyace komai nasa ba, kuma bai ji a ransa cewa ya shiga wani abu da shari'a ta yi magana a kai ba. Mun taƙaita addini a kan darduma, mun bar mu'amala a hannun al'ada.

Alhali kuwa malamanmu ba su bar wannan fage ba. A cikin Mudawwana ta Sahnun akwai babi sukutum a kan lamunin masu sana'a. Malikawa sun tafi a kan cewa mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, idan ya karɓi kayan mutum ya tafi da su wurinsa suka salwanta, shi zai biya, sai in ya kawo shaida cewa ba da sakacinsa ba ne. Sun gina wannan a kan maslaha, domin da an bar masu sana'a a kan "amana ce ta ɓata," da dukiyar mutane ta ƙare. Amma sun bambanta wannan da wanda ya yi aikin a cikin gidan mai kaya ko a gaban idonsa, shi ba ya biya sai in ya yi ta'adi ko sakaci. To gyaran gida a gidanka ake yin sa, saboda haka nauyin nuna cewa an yi sakaci yana iya dawowa kanka, kuma da me za ka nuna in babu abin da aka rubuta? Akwai kuma wani magini a birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba bango ko magudanar ruwa idan maƙwabta sun yi jayayya. Ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Ina jin daɗin tuna cewa birkila ne ya rubuta shi, mutumin da ya san nauyin tubali a hannunsa.

A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Doha a shekarar 2003 ta fitar da matsaya a kan kwangilar gini. Ta bayyana cewa idan ɗan kwangila ne zai kawo kaya da aiki, yarjejeniyar ta zama istisna'i, wato sa mutum ya ƙera maka abu. Idan kuwa aiki kaɗai zai yi, kaya naka ne, ta zama ijara. Ta halatta a biya kuɗi kashi-kashi gwargwadon matakin da aiki ya kai, ta halatta a sa sharaɗin tara idan an yi jinkiri ba tare da wani uzuri da ya fi ƙarfin mutum ba, ta halatta a sa wa'adin da ɗan kwangila zai lamunci aikinsa bayan ya gama. Ta ce shi ke da alhakin aikin waɗanda ya ɗauko, kafinta ne ko mai walda ko mai aikin famfo, ba zai ce "ai yaron ne ya ɓata" ya zame ba. Ta kuma ce idan ya ƙara wani abu da ba a yi ittifaƙi a kai ba, ba shi da haƙƙin neman ƙarin kuɗi. Duk wanda ya taɓa ba da aikin gini zai ga cewa waɗannan su ne ainihin wuraren da ake faɗa a kansu.

Na san abin da wani zai ce, domin an sha faɗa mini. Zai ce wannan mutum surukina ne, ko ɗan limaminmu ne, ko shekara ashirin muna tare; idan na fito da takarda da biro ai na ce masa ɓarawo ke nan. Amsata ita ce ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa wannan umarni su ne Sahabbai, waɗanda amanarsu ta fi ta surukinka da ta ɗan limaminku nesa ba kusa ba. Ko da mun ɗauki fahimtar mafi yawan malamai cewa umarnin na shiryarwa ne, ba na wajibi ba, ai shiryarwar ba a banza aka yi ta ba. Rubutu maganin mantuwa ne kafin ya zama maganin ha'inci. Mutum biyu masu gaskiya suna iya rantsuwa da Allah a kan magana ɗaya, kowa da yadda ya tuna ta, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Sa'annan akwai mutuwa. Idan mai gida ya faɗi ana tsakiyar aiki, magada za su zo su tarar da rabin gini da mutumin da yake cewa yana bin marigayi kuɗi, ko su suna zargin shi ake bi, marayu a tsakiya, ba takarda, ba shaida. Na ga zumuncin da ya mutu a kan abin da bai kai kuɗin tifa biyu ta yashi ba, har 'ya'ya suka gaji gabar. A ganina, wanda ka fi jin nauyinsa shi ya fi cancanta ka rubuta da shi, domin baƙo idan kun ɓata kowa ya kama gabansa, suruki kuwa kuna nan tare a kowane suna da kowace jana'iza.

Wani kuma zai ce takarda ba ta hana ɓarawo sata, kotu kuma sai a shekara ana kai da kawowa. Gaskiya ne. Amma yawancin rigimar gyaran gida ba ta zuwa kotu, a zauren mai unguwa ko gaban dattawan masallaci take ƙarewa, kuma waɗannan bayin Allah idan ba takarda, abin da suke iyawa shi ne su ce kowa ya yi haƙuri a raba asara biyu. Da takarda a hannu, cikin rabin sa'a za a san mai gaskiya. Bayan haka, ita kanta bukatar a rubuta matata ce: mutumin kirki ba ya gudun a rubuta kaurin rodin da ya yi niyyar sawa. Wanda ya fara kame-kame da "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" ya ba ka amsar da kake nema tun kuɗinka suna aljihunka. Kuma ba sai an nemi lauya ba a ƙaramin aiki. Takardar littafin makaranta ta isa, da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, kowa ya riƙe kwafinsa, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Abin da za a rubuta ba boyayye ba ne: aikin ɗaki-ɗaki, irin kaya da lambarsu da adadinsu, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, ranar farawa da ranar gamawa. Inda na fi son a tsaya shi ne tsarin biya. Kada kuɗi su riga aiki da nisa. Mafi yawan 'yan kwangilar da suke gudu ba da niyyar gudu suka karɓi aiki ba. Abin da yake faruwa shi ne mutum yana da aiki uku a hannu, sai ya ɗauki kuɗinka ya toshe ramin aikin wani, yana jiran kuɗin na uku ya toshe naka, ranar da igiyar ta tsinke sai ya kashe waya don kunya. Idan ka ba shi kashi 70 cikin ɗari tun ba a sauke bulo ɗaya ba, ka taimaka masa ne a kan wannan hali. A raba biyan bisa matakai: in an gama ginin bulo a biya kaza, in an rufa a biya kaza, in an gama waya da famfo a biya kaza. Kuma kada a yarda a zuba kankare ko a yi filasta sai mai gida ko wakilinsa ya ga rodin da wayar da idonsa, domin wannan ita ce rana ɗaya tak da za a iya ganinsu.

Batun farashi kuwa, wanda ya yi gini a 'yan shekarun nan ba ya bukatar a ba shi labari. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama, har Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin siminti a watan Fabrairu aka yi maganar a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Ka ɗauka wani ya karɓi aiki a dunƙule kafin wannan tashi, ya zo saye ya tarar kuɗin ba za su kai ba. Ƙofofi uku ne a gabansa: ya yi asara daga aljihunsa, ko ya dawo neman ƙari a kira shi mayaudari, ko ya yi shiru ya rage siminti. Mai karatu ya san wadda aka fi bi. Layi ɗaya a cikin takarda zai rufe wannan ƙofa: ko a sayi manyan kaya gaba ɗaya tun ranar farko a ajiye, ko a rubuta cewa idan farashi ya motsa za a duba rasit a daidaita. Siminti dai ba ya son dogon ajiya, musamman a wuri mai danshi, sai a lura.

Ko wa zai sayi kayan? Kowace hanya da ramin da ke cikinta. Idan ɗan kwangila ne zai saya, akwai kamashon da wasu masu shaguna suke ba shi a ɓoye, har ma a rubuta masa rasit na sama da abin da ya biya. Wannan idan an aike shi ne a matsayin wakili, da kuɗin mai gida, ba ni da shakka haramun ne, domin wakili amini ne, duk ragin da aka yi na mai kuɗi ne sai in ya yafe da saninsa. Idan kuwa jinga aka yi a dunƙule a kan kaya masu siffa sananniya, ya je ya samo su da sauƙi, ribarsa ce halal. Ka ga bambancin halal da haram a nan ya rataya ne a kan wace irin yarjejeniya aka ƙulla, abin da mu kuma ba mu damu mu fayyace ba. Idan mai gida ne zai saya da kansa, sai ya shirya wa zirga-zirga, kuma ya sani idan ya sayo rodi maras kyau don arha, laifin ba na magini ba ne.

Wannan ya kawo ni kan mu masu ba da aiki, domin ba adalci ba ne a ɗora wa 'yan kwangila kaya duka. A cikinmu akwai wanda zai kira mutum uku, ya ɗauki mafi arha ba tare da ya tambayi dalilin arhar ba, sa'annan ya ƙara matse shi har jingar ta kasa sayen kayan. Irin wannan ya sayi ha'inci da hannunsa, arha kuwa an ce ba ta ado. Akwai wanda kullum da sabon ra'ayi: yau a matsar da taga, gobe uwargida ta ce ɗakin girki ya yi ƙanƙanta, jibi a rushe abin da aka gina jiya, kuma a ƙarshe ya ce shi kuɗin farko ya sani. Duk canji a rubuta shi da kuɗinsa a ranar da aka yi shi, kafin a ɗaga guduma. Mafi muni shi ne wanda aiki ya ƙare, ya tare a gidansa, ya shiga yi wa mutane "ka dawo gobe," alhali yana da abin biya. Ya manta cewa bayan ɗan kwangilar nan akwai lebura wanda ya yini yana ɗaukar kwanon sarki a ka, wanda kuɗin yinin nan ne tuwon daren gidansa. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya sanya wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki ya cinye ladansa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Ban san yadda mutum zai iya barci a ɗakin da gumin wani yake bin sa bashi ba. Ina ma ba da shawara mai gida ya riƙa tambayar leburori da bakinsa ko an sallame su, domin wani lokaci ya biya, amma kuɗin ba su sauka ƙasa ba.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin jinga tsakanin mutum biyu. Sauya kwano ko sa tayil abu ne, fasa bango ko ɗora bene a kan tsohon gini wani abu ne daban. Bangon da kake gani kamar raba ɗaki kawai yake yi, wataƙila shi yake ɗauke da rufin. Harsashin da aka haƙa don gida na ƙasa ba a yi shi don ya ɗauki dekin da ɗakuna huɗu a sama ba, ko da birkila ya buga ƙirji ya ce ya yi irinsa sau ɗari. A nan dole a nemi injiniya mai rajista da COREN ya duba, a kuma nemi izinin hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, da takwarorinsu a sauran jihohi. Na san mutane suna gudun waɗannan ofisoshi saboda ɓata lokaci da kashe kuɗi, kuma ba zan ce ƙorafinsu ba shi da tushe ba. Amma mun ga benen Ikoyi a Legas da ya rufta a ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40, mun ga makarantar da ta rufta a Jos a ranar 12 ga Yulin 2024 aka rasa rai 22, yawancinsu ɗalibai. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Ɗakin da ya faɗa wa yara cikin dare a lungu bayan ruwan sama, sai dai a ce ƙaddara a yi jana'iza. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke alhaki daga wanda aka ce masa a kira injiniya ya ce kuɗin sun yi yawa.

Kada kuma a manta da maƙwabci, wanda ba ya cikin jingar amma yana cikin wahalarta. Tifa ta juye yashi ta toshe lungu wata guda, ɓaraguzai su cika kwata, damina ta zo ruwa ya koma gidan mutane. A ɗaga gini a buɗe taga tana kallon tsakar gidan wani, a juya indararo yana zuba a gindin katangarsa. Irin waɗannan mas'aloli ne Ibn al-Rami ya cika littafinsa da su shekaru ɗari bakwai da suka wuce, har yau ba mu gama da su ba. Ɗan kwangila zai gama ya tafi, kai za ka zauna da maƙwabcin, don haka wurin zuba kaya da ranar kwashe shara su ma su shiga takarda. Haka nan idan iyali suna cikin gidan ake aikin, a yi magana tun farko a kan lokacin shigowa da na tashi, da ƙofar da za a riƙa bi, da yin sallama kafin a hau rufi. Magina na da sukan ɗaga murya su sanar kafin su hau soro domin matan maƙwabta su kimtsa. Yaran yanzu sai dai ka ga mutum tsaye a kan katanga da waya a kunne.

Wajen zaɓen mutumin kuwa, yawan gaisuwa da tsawon carbi ba su ne ma'auni ba. Ka ce ya kai ka aikin da ya yi shekara uku ko huɗu da suka wuce, wanda damina ta bi ta kansa, ka dubi silin ko akwai tabon ruwa, ka dubi kusurwar taga ko ta tsage, ka taka tayil ka ji ko yana ƙara kamar ganga. Sa'annan ka keɓe da mai gidan ka tambaye shi abu biyu: an gama a kan lokaci? Kuma da matsala ta fito bayan an biya, ya ɗaga waya ya dawo? Wanda aka tambaya shi ma ya faɗi gaskiya, wannan nasiha ce, ba ta shiga babin giba.

A manyan kwangiloli akan riƙe wani kaso, galibi kashi 5 cikin ɗari, har sai an ɗauki wasu watanni an ga aikin bai nuna aibi ba. Mu a nan ba mu bukatar ƙirga watanni, muna da damina. Rufin da aka yi a watan Maris ba wanda ya san gaskiyarsa sai ruwan Yuli da Agusta ya sauka a kansa da iska. Sai a rubuta tun ranar jinga cewa kaso kaza zai zauna har a yi ruwa uku masu ƙarfi, in ba yoyo a miƙa masa cikin mako, in akwai ya zo ya gyara ya karɓa. In ana tsoron mai gida zai cinye, a ajiye kuɗin a hannun ɗaya daga cikin shaidun nan biyu.